Alƙiblar Legas: yadda ake gano ta da kamfas, da inda kamfas yake yaudarar mutum

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina haya a wani bene a Agege. Tun zuwana Legas gabas nake kallo in yi salla kamar yadda muka saba a gida. Kwanan nan aka kawo mini tsarabar kamfas daga Makka, ga kuma manhajar alƙibla a wayata, amma kowanne da inda yake nunawa. Ita wayar ma, in na matsa daga bakin gado zuwa bakin taga sai ta sauya. Wanne zan bi? Ina matsayin sallolina na baya? Sannan ɗan masallacin da muke salla a kasuwa na auna na ga kamar ya karkace, in yi magana ko in yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara mana kula da salla. Aikina safiyo ne, awon filaye da fitar da iyakoki, ta nan ne kuma jama'a suke kirana in duba musu alƙibla kafin a sa harsashin masallaci. Bari in fara ba ka lambar, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya.

Alƙiblar Legas digiri 63 ce daga arewa, in ka juya ta hannun dama yadda hannun agogo yake tafiya. A fuskar kamfas arewa ita ce 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Ka ga kenan 63 tana tsakanin arewa da gabas, ta fi kusa da gabas, amma da saura digiri 27 kafin ta kai ta. Daga Badagry har Epe bambancin bai kai digiri ɗaya ba, don haka da na Agege da na Obalende da na Alaba Rago duk lamba ɗaya za su riƙe. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: Ka'aba tana digiri 21.42 arewa da ikwaita (layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu) da digiri 39.83 gabas da layin Girinwic (layin da ya ratsa Landan, inda ake fara ƙirga gabas da yamma), Legas kuma tana wajen digiri 6.5 arewa da 3.4 gabas. Tsakaninsu kimanin kilomita 4,250 ne ta hanya mafi gajarta a kan doron ƙasa, kuma farkon wannan hanyar shi ne alƙibla. Wanda ya shimfiɗa taswirar bango ya ja layi da rula zai samu kusan 67, saboda ita taswirar ta baje abin da yake dunƙule. A nan bambancin kaɗan ne, amma 63 ce daidai.

A Arewa mun saba cewa a kalli gabas, kuma ratar a can ta fi ƙanƙanta: Sakkwato wajen 71 ce, Katsina 70, Kano 68, Kaduna 67, Abuja 65. Duk sanda ka ƙara yin kudu, alƙibla tana ƙara jingina arewa. Mutumin da ya tsaya a Legas ya fuskanci gabas sak, layinsa ba ya bi ta Makka. Kudancin Habasha yake ratsawa, kusan kilomita 1,800 kudu da Ka'aba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutanenmu suke gano gabas ɗin kanta. Yawanci baƙo yakan duba inda rana ta fito da safe ya ce nan ne. To, rana ba ta da mafita ɗaya. A Legas, wajen 21 ga Yuni tana fitowa a digiri 66, wato dab da alƙibla, wanda ya kalli mafitarta a lokacin ya dace. A ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba tana fitowa wajen 90. Wajen 21 ga Disamba kuwa, lokacin hunturu, a digiri 114 take fitowa, ta yi kudu sosai. Wanda ya kama ɗaki a watan Disamba ya shimfiɗa sallaya yana kallon mafitar rana ya kauce da digiri 50, kuma haka zai ci gaba shekara da shekaru ba tare da ya sani ba, har baƙinsa su yi koyi da shi. Wannan shi ne kuskuren da na fi cin karo da shi a gidajen haya.

Yanzu ga yadda ake aiki da kamfas na gama-gari, mai lambobi 0 zuwa 360. Ka ɗora shi a tafin hannu a kwance, kada ya karkata, ka jira allurar ta natsu. Bakin da aka yi wa jan fenti shi ne mai nuna arewa. Ka juya jikin kamfas ɗin a hankali har harafin N ko lamba 0 ta zo ƙarƙashin jan bakin. Daga nan kada ka ƙara motsa shi. Ka nemi 63 a gefen da'irar, tsakanin 60 da 70, ka miƙa layi daga tsakiyar kamfas ɗin ta kan wannan lambar zuwa wani abu da ba ya motsi, kamar turken wuta ko kusurwar gini. Wannan abin shi ne alamarka.

In babu lambobi a kamfas ɗinka, ko sun yi ƙanana, Allah ya yi wa mazauna Legas wani sauƙi na lissafi. Digiri 63 da ɗoriya daidai take da taku biyu gabas, taku ɗaya arewa. Ka tsaya a wuri ɗaya ka sa alama, ka yi taku biyu gabas, ka juya hagu ka yi taku ɗaya arewa, ka sa wata alamar. Layin da ya haɗa ta farko da ta biyu shi ne alƙibla. Da tef ya fi kyau, mita biyu da mita ɗaya. A ɗaki mai tayil, in layin tayil ɗin ya dace da arewa da gabas, ƙirga su kawai za ka yi. Da agogon bango ma ana yi: ka kwantar da shi 12 ta kalli arewa, alƙibla tana gaba da lamba 2 kaɗan, tsakanin minti na 10 da na 11. Amma ka lura, wannan awon na Legas ne da kewayenta, kada ka tafi da shi Sakkwato.

Akwai abin da masu awo suke kula da shi, wato allurar kamfas ba ta nuna arewa ta gaskiya daidai, arewar maganaɗisun ƙasa take bi, kuma ratar da ke tsakaninsu tana sauyawa daga gari zuwa gari, daga shekara zuwa shekara. A Legas a 'yan shekarun nan ratar ba ta kai digiri 2 ba, don haka mai neman alƙiblar ɗakinsa ba sai ya damu da ita ba. Na ambata ne saboda matafiya: a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ratar ta haura digiri 20, wanda bai cire ta ba a can ya yi nisa da alƙibla.

Sai batun tsarabar da aka kawo maka. Irin wannan kamfas ɗin, da wanda ake ɗinkewa a goshin sallaya, yawancinsu ba digiri aka rubuta a jikinsu ba. Za ka ga lambobin sun tashi daga 0 zuwa 400, ko daga 0 zuwa 40, kuma yakan zo da ɗan littafi mai jerin garuruwa, kowane gari da lambarsa. Yadda aka tsara shi, za ka juya shi har jan bakin allura ya hau lambar garinku, sai hoton hasumiya ko kibiyar da aka zana ta nuna alƙibla. In ka ɗauki 63 ɗin da na ba ka ka sa a wannan kamfas, ka ɓata. In littafin ya ɓace, lambar wani kamfanin ba lallai ta yi aiki a nasa ba. Kuma ko littafin yana nan, ba duka aka yi lissafinsu da kyau ba, wasu ma lamba ɗaya suke ba ƙasa guda, alhali ka ga tsakanin Legas da Sakkwato akwai digiri 8. Shawarata ita ce ka bar lambobinsa, ka yi amfani da allurarsa kawai ta nuna maka arewa, sannan ka yi awon taku biyu da ɗaya. Kafin ka yarda da allurar ma, ka gwada ta. Ka kusanto da makulli ta juya, ka janye, ka ga ko ta koma daidai inda take. In ta tsaya a wani wuri daban, to tana gogar gindi ko ƙusarta ta dushe. Kamfas ɗin da ya daɗe ajiye kusa da lasifika ko waya kuma, allurarsa tana iya juyewa gaba ɗaya, jan bakin ya koma nuna kudu. Da hantsi ka duba: in ka ba rana hannun damanka, arewa tana gabanka, ko da ba daidai-wa-daida ba. Ya isa ka gane ko allurar ta juye.

Dalilin da ya sa wayarka take sauya magana tsakanin gado da taga kuwa, ƙarfe ne. Allurar kamfas da ɗan abin da yake cikin waya duk maganaɗisun ƙasa suke ji, kuma shi rauni gare shi, ƙaramin ƙarfe na kusa yana rinjayarsa. Bene irin wanda kake ciki cike yake da rodi, a ginshiƙai, a ƙasan da kake takawa, a saman kanka. Ga ƙarafen taga, ga ƙofar ƙarfe, ga firij, ga fanka, ga gadon kansa in na ƙarfe ne, ga wayoyin wuta a cikin bango. Mafi munin wurin da za ka ajiye kamfas a bene shi ne ƙasa, a kan sallaya, domin rodi yana ƙarƙashinsa da ɗan taƙi kaɗan, kuma nan ne kowa yake ajiyewa. A kasuwa lamarin ya fi haka: shagon kwantena ƙarfe ne ta ko'ina, ga janareta, ga tiransifoma, ga tireloli a tsaye. Kamfas a cikin kwantena ba shi da amfani ko kaɗan. Ba lalacewa ya yi ba, abin da ya fi kusa da shi yake bi.

Saboda haka awo a waje ake yinsa. Ka nemi fili, filin makaranta ko na ƙwallo ko filin idi, ka yi nesa da mota da turken wuta da shingen ƙarfe da taku goma ko fiye. Ka cire agogo, ka ajiye makullai da waya gefe, ka riƙe kamfas ɗin daidai cibiya. Ga kuma wata dabara ta masu awo da za ta nuna maka ko wurin da ka tsaya lafiyayye ne. Ka sa alama biyu a ƙasa, nesa da juna. Daga ta farko ka auna ta biyu ka rubuta lambar. Ka je ta biyu ka waiwayo ka auna ta farko. Dole bambancin lambobin ya zama 180. In ka samu 63 a tafiya, ka samu 243 a dawowa. In ka ga 63 da 255, akwai ƙarfen da yake jan allurar a ɗaya daga wuraren, sai ka sauya wuri ka sake. Ni ba na yarda da awon da ba a yi masa wannan gwajin ba, ko da na'urar mai tsada ce.

Wayar ba abin yarwa ba ce. Lissafin da manhajar take yi daidai ne in ta san inda kake, don haka ka kunna GPS ka duba ko ta rubuta 63. Matsalarta wajen gano arewa ne. Ka cire mata riga in mai maganaɗisu ce, ka fita fili, ka riƙa juya ta a iska kana zana lamba 8 har sau da yawa domin ta daidaita kanta, sannan ka kwantar da ita a hannu. In wayoyi biyu ko uku da kamfas na allura suka haɗu a wuri ɗaya a fili, ka samu abin dogaro. Hanyar da ta fi wannan ita ce ta hoton tauraron ɗan adam, domin babu ruwanta da maganaɗisu. A Google Earth kana iya jan layi daga rufin gidanku zuwa Ka'aba, ka ga yadda layin ya ratsa ginin, ko ya bi bango ko ya yanke kusurwa.

Tun da an zo maganar tauraro, kada ka bi farantin satalayit da ke kan rufi. Na sha jin ana cewa wanda yake kama tashoshin Larabawa Makka yake kallo. Ba haka ba ne. Taurarin talabijin duk a saman ikwaita suke, Legas kuma tana arewa da ita, don haka kowane faranti ya ɗan jingina kudu, alhali alƙibla arewa ta jingina. Alamomin gari da suka fi wannan amfani su ne teku tana kudu, titunan tashin jirage na filin jirgin sama na Murtala Muhammed kuma lambarsu 18 da 36, ma'ana a miƙe suke tsakanin kudu da arewa. Tauraron arewa da matafiyan hamada suke bi bai wuce kimanin digiri 7 sama da ƙasa ba a nan, gine-gine da hazo sun rufe shi.

To yaya za a shigo da layin cikin ɗaki, tunda a ciki kamfas ba ya aiki? Ta bango. Ka fita waje ka tsaya nesa da ginin, a inda za ka hango dogon bangon ɗakinka a miƙe kamar zare, ka auna inda ya dosa. A ce ka samu 80. Alƙibla 63 ce, kenan tana hagu da layin bangon da digiri 17. Ka koma ciki, ka auna mita ɗaya a jikin bangon ko a layin tayil da yake tafiya tare da shi, ka matsa hagu santimita 30, ka ja layi. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne, a kowace mita ɗaya digiri 10 tana daidai da santimita 18, digiri 20 santimita 36, digiri 27 santimita 51, digiri 30 santimita 58. In lambar bangon ta gaza 63, dama za ka matsa. Ka manna tef a ƙasa ko ka sa ɗigon fenti, an gama, ba sai ka ƙara ɗauko kamfas a ɗakin ba. A unguwa mai cunkoso inda ba ka samun wurin ja da baya, titin gaban gida yakan wadatar, tunda yawancin gidaje da titi suke daidaita fuska.

Akwai hanya guda da ta fi duk waɗannan inganci, kuma ba ta bukatar komai sai sanda da agogo. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 na rana agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Najeriya, ƙarfe 10:18 na safe ne a watan Mayu, 10:27 a watan Yuli. A wannan lokacin duk wanda yake ganin rana, in ya fuskance ta ya fuskanci Ka'aba. A Legas tana sama da kimanin digiri 52, don haka inuwa tana fitowa sarai. Kada ka kalli ranar da ido. Ka rataye igiya da ɗan dutse a ƙasanta domin ta tsaya a miƙe, ko ka yi amfani da gefen ƙofa ko taga in magini ya tsayar da shi daidai, ka zana layin inuwar a ƙasa. Inuwar baya take yi, wato 243. Ka tsaya a ƙarshenta ka kalli gindin igiyar, ka kalli alƙibla. Matsalar ita ce duka ranakun a tsakiyar daminar Legas suke, hadari yakan rufe. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta, a daidai wannan lokacin, bambancin bai taka kara ya karya ba, saboda haka ka shirya igiyarka tun da wuri, duk ranar da gari ya washe ka zana. Ka daidaita agogonka da na waya, domin minti biyar yana sauya inuwa.

In ba ka son jiran Mayu, kowace rana mai haske kana iya fitar da gabas da yamma na gaskiya. Ka kafa sanda a ƙasa mai laushi da ba ta da gangare, da hantsi ka sa alama a ƙarshen inuwarta, ka zana da'ira da igiya daga gindin sandar ta bi ta kan alamar. Bayan azahar inuwar za ta sake tsawo har ta taɓa da'irar a ɗaya gefen, ka sa alama ta biyu. Ta safe ita ce yamma, ta la'asar ita ce gabas, layin da ya haɗa su kuma ya fi na kamfas gaskiya. Daga nan sai taku biyu da ɗaya. Musulmi sun daɗe da wannan ilimi. Albiruni ya fitar da alƙiblar garin Gazna, a Afganistan ta yau, da lissafin doron ƙasa tun wajen shekarar 1025, Sarki Al'ashraf Umar na Yaman, wanda ya rasu a 1296, ya rubuta yadda ake neman alƙibla da allurar maganaɗisu mai yawo a kan ruwa. Wanda ya ce awo da na'ura baƙon abu ne a addini bai san wannan tarihin ba.

Game da sallolinka na baya, ka kwantar da hankalinka. Allah ya ce a Suratul Baƙara aya ta 144 a juyar da fuska wajen Masallaci mai alfarma. Malamai sun bambanta wanda yake ganin Ka'aba, shi dole ya saiti jikinta, da wanda yake nesa, shi sashen da take kawai ake nema daga gare shi gwargwadon ƙoƙarinsa. Hankali ma yana nuna haka: daga Legas kaucewar digiri ɗaya tak tana kai layinka kimanin kilomita 70 gefe, babu mai iya tsayuwa a sahu bai kauce da digiri ɗaya ba. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce abin da ke tsakanin gabas da yamma alƙibla ne. Mutanen Madina yake nufi, waɗanda Makka take kudu da su, amma yana nuna faɗin da aka ba na nesa. Mutanen Ƙuba kuma suna cikin sallar asuba labarin sauya alƙibla ya iske su, suka juya daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba suna cikin sallar, ba a ce su sake raka'ar da suka riga suka yi ba.

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ce wanda ya kuskure alƙibla ya sake salla in lokacinta bai fita ba. Muhtasar na Halil ya ƙara bayani: in kana cikin salla ka gane ka kauce kaɗan, ka juya ka ci gaba, in kaucewar mai yawa ce kuma kai mai gani ne, ka yanke ka sake. Wadda lokacinta ya wuce, kuma ka yi ta ne bisa iyakar saninka, babu ramuwa a kanka. In gabas ta gaskiya kake kallo, digiri 27 ba ta fitar da kai daga sashen alƙibla ba. Sai dai rangwamen na wanda bai sani ba ne ko ya yi ƙoƙari ya kasa. Kai yanzu ka sani, gyaran kuma bai wuce juya sallaya ba, don haka ba na ganin dalilin da za ka ci gaba da kallon 90 alhali 63 tana hannunka. In akwai wani yanayi na musamman a sallolinka, ka zauna da malamin da kake karatu wurinsa ka faɗa masa dalla-dalla.

Masallacinku na kasuwa shi ne inda nake so ka yi taka-tsantsan. Da farko, da me ka auna? In waya ka ɗaga a cikin rumfa mai rufin kwano da turakun ƙarfe, ga janareta a gefe, awonka ba hujja ba ne, mai yiwuwa masallacin ne daidai wayar ce ta karkace. Ka sake awon ta hoton tauraro ko ta inuwa. Na biyu, manyan masallatan gari da malamai suka daɗe suna salla a cikinsu, fiƙihunmu ya ce a bi mihrabinsu, ba kowane mai waya ne zai shiga ya ce a juya ba. Amma ƙananan masallatan kasuwa da na tasha da na bakin titi, galibi ba a auna su ba, yadda fili ya ba da dama haka aka kafa, mihrabi ya bi katangar maƙwabci ko layin kwata. Irin waɗannan sun cancanci a duba su.

In ka tabbatar, ka dubi girman kaucewar. Digiri 5 ko 10 ba abin da za a ta da hankalin jama'a a kansa ba ne, sallar kowa ta yi. In ta kai 25 ko 30, ya kamata a gyara cikin natsuwa. In ta haura 45, gyara ya zama dole, kuma shirunka ba alheri ba ne. Ko a wanne hali, kada ka tashi bayan sallama ka yi shela, kada kuma ka karkace kai kaɗai a cikin sahu. Ka sami liman shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ce masa akwai abin da kake so ya duba da idonsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma yadda aka faɗe shi ne yake sa a karɓa ko a ƙi, musamman in dattijon da ya kafa wurin yana raye. Mafi kyau ku sa ranar 28 ga Mayu ko 16 ga Yuli, liman da shugabannin kasuwa da masu salla su tsaya tare a ga inuwar. Abin da mutum ya gani da idonsa a ƙasa ba ya musu a kansa kamar yadda zai yi da lambar waya.

Gyaran kuma ba ya bukatar rushe bango. Layin sahu ake sakewa. Sahu yana gicciye da alƙibla, wato a Legas yana tafiya daga digiri 153 zuwa 333. A ja igiya a kan wannan layin, a shafa fenti ko a sake shimfiɗa darduma, a bar kimanin mita ɗaya da santimita 20 tsakanin sahu da sahu domin sujada ta wadatu, liman ya ɗan karkata a mihrabinsa daidai da sabon layin. Za a yi asarar wurin mutum biyu ko uku a kusurwoyi, sai a mai da su wurin ajiye Alƙur'anai da butoci. In kuma wata rana za a sake ginin da bulo, a kira mai awo tun kafin a haƙa rami, ya kafa turaku biyu na layin alƙibla a wajen filin inda masu aiki ba za su tumɓuke su ba, magini ya riƙa ɗaure igiyarsa a jikinsu har bango ya tashi.